Yadda zaka gane wanda ya ƙera tsohon firam ɗin keken hawan dutse na titaniyom, da shekarunsa

Duk wanda yake yawan leƙa wajen masu sauke kekunan Beljiyam ya san yadda abin yake, kwantena ɗaya zata zo da keke kala-kala an jibge su kan juna, na yara, na mata, masu giya, wasu ba wili wasu ba sirdi, to a cikin irin wannan tarin ne wani lokaci zaka hango wani firam mai launin toka-toka, ba fenti ba sitika ba tsatsa ko ɗigo, ka ɗaga shi kaji kamar ba ƙarfe ka ɗauka ba. Mai kaya zai ce maka alminiyom ne ko silba, shi dai a kilo ko a ido ya saya. To ɗan'uwa tsaya ka duba da kyau, don yana yiwuwa titaniyom ne ka riƙe, kuma in na farkon shekarun 1990 ne to abu ne da aka yi shi da hannu ɗaya bayan ɗaya, a lokacin kuɗinsa ba na kowa bane ko a Amurka.

Matsalar ita ce irin waɗannan firam ɗin yawanci tsirara suke zuwa. Titaniyom baya buƙatar fenti, saboda haka sunan kamfanin a sitika kawai yake, sitika kuwa shekara talatin ta isa ta ɓare. Wani ma sai ya manna sitikar wani kamfanin daban. Shi yasa ni abin da nake faɗa kullum shine ka manta da sitika, ka manta da kayan da aka ɗaura, ka karanta ƙarfen kansa. Kuma ka fara da shekaru kafin suna, don in ka san shekarun ka rage kamfanonin da zaka zarga da fiye da rabi.

Kafin komai, kar ka goge shi

Wannan na sa shi a gaba ne saboda shine kuskuren da ba'a gyarawa. Mutum na samun firam sai ya ɗauko samfefa ko burushin waya ya hau gurza wai yana so yayi ƙyalli. Dan Allah kar ka yi. Ruwa da sabulu da tsumma mai laushi sun isa, in akwai daskararren giris ka sa ɗan kananzir a tsumma. Dalili kuwa, inda sitika ta zauna shekara da shekaru wurin yakan bar inuwa, launinsa ya ɗan bambanta da sauran jikin. Ka shiga ɗaki mai duhu ka kunna tocilan ɗin waya ka kwantar da hasken a gefen sandar ƙasa, ba kai tsaye ba, a kwance, kana juya firam ɗin a hankali, sau da yawa haruffan zasu fito maka kamar rubutun da aka share a allo. Ka duba gaban wuyan firam ma, in akwai ƙananan huji guda biyu to an taɓa kafa tambarin ƙarfe a wurin, ka auna tazararsu ka rubuta. In ka riga ka gurza to duk wannan shaidar ta tafi.

Kayan aikin da kake buƙata ba yawa: mayen ƙarfe ko da na tsohuwar sifika ne, tef ɗin awo mai milimita, sikeli irin na rataye, tocila, da baniya, wato ma'aunin nan mai baki biyu da masu dire ƙarfe suke auna kaurin shaf dashi. In baka da ita ka kai firam ɗin shagonsu, minti biyar sun auna maka komai. Sai takarda da biro, ka riƙa rubuta duk abin da ka gani.

Mataki na farko: titaniyom ne kuwa?

Manna mayen ƙarfen a jikin bututun. In ya kama, magana ta ƙare, ƙarfe ne aka yi masa kurom ko aka goge fentinsa. In bai kama ba saura abu biyu zuwa uku, alminiyom, titaniyom, ko wani nau'in silban ƙarfe da shima maye baya kamawa, amma wannan na ukun da wuya ka gamu dashi a keken dutse na wancan zamanin.

Tsakanin alminiyom da titaniyom walda ce zata raba maka gardama. Waldar alminiyom ƙatuwa ce, tana tudu kamar an matsa man goge baki a mahaɗar, bututun kuma masu kauri ne sosai. Waldar titaniyom siririya ce, ƙanana ƙananan zobba a jere kamar ɓawon kifi, faɗinta bai fi milimita kaɗan ba. Launin ma daban, alminiyom fari ne yana ɗaukar ido, in ya tsufa yayi fari-fari kamar gari, titaniyom kuwa toka ce mai ɗan duhu da ɗan ɗumi a ido, kamar akwai ruwan ƙasa kaɗan a ciki. Ka ƙwanƙwasa da farce, titaniyom yana amsawa da ƙara siririya, alminiyom nasa sautin a dakushe yake.

Nauyi ma yana taimakawa. Titaniyom wajen giram 4.5 ne a kowace santimita kubik, ƙarfe wajen 7.8, alminiyom 2.7. Firam ɗin titaniyom na keken dutse matsakaici, shi kaɗai ba fok, wato ƙafafun da suke riƙe wilin gaba, ba komai, zaka same shi tsakanin kilo ɗaya da rabi zuwa kusa da kilo biyu, masu sauƙin ciki suna ɗan sauka ƙasa da haka. Wasu zasu ce ka kai shi injin wasa wuƙa, in ya fitar da tartsatsi fari tas to titaniyom ne, gaskiya ne hakan yake yi, amma ni ban yarda a taɓa firam da dutsen wasa ba, kaurin bangon bututun bai kai milimita ɗaya ba a wurare da yawa.

Akwai kuma wani abu, in kaga mahaɗar ba walda bace, bututun ne aka cusa cikin wasu guntayen soket aka liƙe da gam, to ka tuna da Raleigh, eh Raleigh ɗin nan da iyayenmu suka hau. Sashensu na kekunan musamman a Ingila yayi wasu da sunan Dyna-Tech a farkon 1990, bututun titaniyom ne amma liƙe su aka yi. Miyata ta Japan ma tayi irin wannan liƙin. Irinsu sai ka duba bakin kowane soket da kyau ko gam ɗin ya fara saki.

Mataki na biyu: shekarun, daga ƙarfen kansa

Ka riƙe wannan a ranka tukuna, keken dutse na titaniyom bai wuce 1986 a tsufa ba. An yi kekunan tsere na titi da titaniyom tun shekarun 1970, Speedwell a Ingila da Teledyne a Amurka, amma na dutse Merlin ne suka fara a 1986 a Cambridge ta jihar Massachusetts, suka yi wa zakaran tsere Joe Murray. Duk wanda yace maka nasa na 1980 ne to bai san abin da yake faɗa ba.

Birki shine agogo mafi kyau a jikin firam, don haka a nan zan daɗe. Juya firam ɗin ka nemo turakun birkin baya, ƙananan sandunan nan biyu da hannun birki ke zama a kai. In ka same su a ƙarƙashin ƙafafun baya na ƙasa, kusa da gidan feda, to na birkin nan ne mai siffar U ko ɗan'uwansa mai rola, wanda aka yi yayinsa wajen 1986 zuwa 1988, daga baya aka watsar saboda laka tana taruwa a wurin kuma gyaransa wahala. Wannan firam ne na farko farko, ka riƙe shi da kyau. Wasu kamfanonin kamar GT sun ci gaba da birkin U ɗin amma suka mayar dashi ƙafafun sama har farkon 1990, yadda zaka bambance shine ka saka wili, turakun birkin U suna sama da bakin rim, na kantiliba, wato birkin nan mai hannu biyu da waya ke haɗa su ta sama, suna ƙasa da rim wajen shaf.

In turakun na kantiliba ne a ƙafafun sama, sai ka duba ko akwai wani ɗan mazaunin waya a tsakiya, sama da taya, ko ɗan siririn bututu da aka lanƙwasa ya zagaye bututun sirdi ya kawo wayar tsakiya. Birkin kantiliba dole sai wayar ta sauko daga tsakiya, shi yasa ake walda wannan abin. A 1996 Shimano ta fito da birkin V wanda wayarsa ta gefe take shiga, baya buƙatar wannan mazaunin, cikin shekara ɗaya zuwa biyu kusan kowa ya daina walda shi. Kaga kenan, akwai mazaunin tsakiya, firam ɗin kusan 1989 zuwa 1996 ne. Babu shi kuma babu wurin birkin dis, kusan 1997 zuwa 1999. In akwai kunnen birkin dis a hagu mai huji biyu da tazarar milimita 51, ka shigo ƙarshen 1990 zuwa shekarun 2000, kuma in yana da turakun V da kunnen dis duka biyun to farkon 2000 ne mafi yawa, lokacin da mutane basu gama yanke shawara ba. Akwai wani mazaunin dis na Hayes mai tazarar milimita 22 a kan ƙafar ƙasa ta hagu, shi ɗan lokaci kaɗan yayi a ƙarshen 1990, in ka ganshi ya matse maka shekarun sosai.

Amma a kula, titaniyom baya mutuwa da wuri, saboda haka mutane da yawa sun mayar da tsohon firam wajen masu walda an ƙara masa kunnen dis daga baya. Ka kwatanta waldar kunnen da sauran waldar jikin, in hannun ya bambanta, ko kaga firam mai mazaunin kantiliba a tsakiya kuma ga kunnen dis, to ƙari aka yi, ka bi tsohuwar alamar.

Sai wuya. Cire kofunan boris ɗin wuya ka auna cikin bututun da baniya. Milimita 30 ko 30.2 wuyan inci ɗaya ne, shine na shekarun 1980 har farkon 1990, kuma wasu masu ƙera titaniyom sun daɗe a kansa fiye da sauran. Milimita 34 shine inci ɗaya da ɗaya bisa takwas, wanda ya mamaye kasuwa daga farkon 1990 har ya kai shekara ashirin yana mulki, saboda haka shi kaɗai baya faɗa maka abu mai yawa. Milimita 37 kuwa inci ɗaya da kwata ne, wanda Gary Fisher ya kawo a 1989, yayi 'yan shekaru ya ɓace, in ka samu wannan kana farkon 1990. Milimita 44, ko wuya mai faɗin ƙasa da tsukakken sama, wannan ba tsoho bane, na shekarun 2000 ne zuwa sama.

Auna tsakanin kunnuwan baya ta ciki, inda shaf ɗin wili ke shiga. 126 ko 130 na shekarun 1980 ne zuwa bakin 1990. 135 shine daga nan har wajen shekara ashirin. In huji ne rufaffe da ake zura shaf mai kauri, 142 ko 148, sabo ne. Girman wili kuma, tsoho dai inci 26 ne, 29 bai fara ba sai 1999 da kamfanin WTB suka yi tayar farko, 27.5 kuwa sai bayan 2010 ya yaɗu.

Hanyar waya ma tana magana. Na farko wayoyin giya ta sandar ƙasa suke bi su zagaya ƙarƙashin gidan feda kamar keken titi, daga farkon 1990 aka fara ɗauke su ana bi dasu ta sandar sama don gudun laka. In kaga ɗan huji mai tiredi a bayan bututun sirdi can ƙasa, wurin ɗan kura ne da yake juya waya ta koma sama, alamar lokacin da wayar ta koma sama amma abin canza giyar gaba har yanzu ta ƙasa ake jansa.

Abu na ƙarshe a nan shine ko an yi firam ɗin don fok mai shokozoba. Fok mai shokozoba na farko na kamfanin RockShox ya shigo wajen 1989 zuwa 1990, kuma fok mai shokozoba ya fi sandararre tsawo, saboda haka bayan 'yan shekaru masu ƙira suka ɗaga wuyan firam don ya dace. Tsohon sandararren fok wajen milimita 390 zuwa 395 yake daga shaf zuwa inda boris ɗin ƙasa ke zama. Ka ɗaura irinsa da wili biyu a ƙasa shimfiɗaɗɗiya daidai, ka ɗora waya mai manhajar auna kusurwa a wuyan. Yawancin kekunan lokacin digiri 71 ne a wuya, 73 a bututun sirdi. In ka samu wajen 71 to an yi shi kafin zamanin shokozoba. In ya nuna 72 ko sama kuma gaban ya duƙa, to fok mai tsawo yake nema, kowane ƙarin milimita 20 yana canza kusan digiri ɗaya.

Mataki na uku: kayan da suka zo a jikinsa

Nace kar ka dogara dasu, amma ba cewa nayi ka zubar ba. Kayan Shimano suna da haruffa biyu ƙanana da aka buga, a bayan hannun feda, ko a jikin abin canza giya ta ciki, ko a bayan hannun birki. Harafin farko shekara ne, na biyu wata. A shine 1976, kana ƙirgawa K 1986, O 1990, P 1991, Q 1992, R 1993, S 1994, T 1995, U 1996, har Z 2001, sai aka koma A a 2002. Wata kuma A Janairu har L Disamba. Wato RC Maris ɗin 1993 kenan. Lambar samfurin ma tana nan, XT M730 na 1987 ne, XTR M900 na 1992, M950 na 1996.

Sai dai fa ka tuna irin wannan firam ɗin sau da yawa shi kaɗai ake sayarwa, mai shi ya haɗa da kayan da yake so, wani ya kwaso daga tsohon kekensa, wani ya sabunta bayan shekara goma. In kayan guda huɗu ko biyar duk sun nuna shekara ɗaya kuma ta dace da abin da ƙarfen ya faɗa, to ka samu shaida mai ƙarfi. In kowanne da tasa shekarar, ka fi ba abin canza giyar gaba da kofunan wuya muhimmanci, su ne mutane suka fi ƙyalewa basu canza ba.

Mataki na huɗu: waye ya ƙera

A nan sai ka raba tambayar gida biyu, don sunan da ke kan sitika daban, hannun da yayi waldar daban. Walda titaniyom sai da iskar argon ciki da waje da tsafta kamar ɗakin tiyata, kamfanoni kaɗan ne suka iya, sauran duk kwangila suke bayarwa. Litespeed, na iyalan Lynskey a Tennessee da suka fara a 1986, sun yi wa wasu da yawa har da Marin. Sandvik a Kennewick ta jihar Washington su suka yi Kona Hei Hei da Diamond Back Axis TT da Bontrager Ti Lite. Kaga kenan zaka iya gane masana'antar daga walda da kunnuwa, amma sunan da aka sayar dashi sai siffar firam ɗin ta nuna.

Fara da masu saukin ganewa. In ƙafafun baya na sama sun wuce bututun sirdi sun je sun haɗu da sandar sama ta gaba, suka yi ɗan ƙaramin kusurwa uku, sandar saman kuma ta huda bututun sirdi ta leƙo baya, duba murfin ƙarshenta zaka ga an buga GT. In yana ƙyalli kamar madubi to Xizang ne mafi kusa. In akwai ɗan ƙaramin shokozoba a saman ƙafafun baya inda suka haɗe suka zama ɗaya, babu wani noti mai juyawa a ƙasa, ƙafafun ne kawai suke lanƙwasa, ka tuna da Moots YBB na Steamboat Springs a Colorado, Kent Eriksen ya kafa kamfanin a 1981 amma titaniyom sai 1991 suka shiga, saboda haka Moots na titaniyom bai girmi wannan shekarar ba. Litespeed ma sunyi mai kama dashi, Unicoi, sai ka haɗa da sauran alamu. Tambarin Moots kada ne, kuma waldarsu tana cikin mafi tsari da zaka gani. In mazaunin wayar birkin baya an yi shi da siffar ɗan hannun mutum yana riƙe da wayar, Ibis ne. In sandar sama ta gangaro sosai zuwa baya, bututun sirdi ya miƙe sama da ita da tsawo, ka zargi Kona, wannan gangaren Joe Murray ne ya kawo musu.

Merlin kuwa ka leƙa gidan feda. Na farkonsu da yawa babu tiredi a ciki, boris ake dannawa kai tsaye, wasu har da ɗan hujin ɗura giris. Mutum zai ɗauka tiredin ne ya cinye ya kai a sake yanka masa, kar ka yarda, haka aka yi shi. Daga baya suka shahara da ƙafafun baya masu lanƙwasa kamar harafin S in ka kalle su daga sama ko daga baya. Tarihinsu ma yana taimakawa wajen shekaru, kamfanin takalma na Saucony ya saye su a 1998, a 2000 suka koma hannun kamfanin da ya mallaki Litespeed aka mayar da aikin Tennessee, shi yasa masu tarawa suke raba na Cambridge da na bayansa. Rob Vandermark da yayi musu zane ya fita ya kafa Seven a 1997, to in firam yayi kama da Merlin amma alamunsa na bayan 1997 ne, ka sa Seven a lissafi.

Litespeed suna son wasa da siffar bututu, zaka ga sandar ƙasa ba zagayayya ba, an matse ta ko an yi mata kusurwa. Yawancin firam ɗin kirki da gaurayen da ake rubutawa 3/2.5 ake yi, wato kashi 3 alminiyom kashi 2.5 banadiyom. Akwai mai ƙarfi 6/4 wanda yake da wuyar ja ya zama bututu, sai a naɗe falle a yi masa walda a tsaye. Haska tocila cikin bututun ta gidan feda ko ta wuya, in kaga layin ɗinki ya miƙe tsawon bututun to ko dai 6/4 ne na manyan samfura, ko kuma bututu ne mai araha, ingancin sauran aikin ne zai faɗa maka wanne.

Kuma ba duka bane na Amurka. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 firam ɗin titaniyom na Rasha sun shiga Turai da yawa, dillalai suna manna musu sunaye iri iri, ga Morati ta ƙasar Cek, ga na Sin irin waɗanda Airborne ta riƙa sayarwa a ƙarshen 1990. Tunda kayan Beljiyam daga Turai suka fi fitowa, damar ka gamu da waɗannan ba kaɗan bace. Wasunsu kekuna ne masu kyau na hawa, kawai kuɗinsu a wajen masu tarawa bai kai na Merlin ko Moots ba. Zaka gansu da kunnuwan baya na falle kawai da aka yanka ba ado, walda mai ɗan faɗi da bata tafi daidai ba.

Mataki na biyar: lambar da aka buga a jikin firam

Na ajiye ta a nan ne da gangan, don mutane suna zaton lamba ce zata warware komai, alhali kowane kamfani da tsarinsa, kuma lamba ba suna ba komai bace. Duba ƙarƙashin gidan feda tukuna, in akwai robar da waya ke bi ka kwance ta, lambar tana yawan ɓuya a ƙasanta. In babu ka duba kunnuwan baya ciki da waje, tsofaffin Merlin a nan ake yawan samun tasu. Ka shafa alli ko fensir a kai ka ɗauki hoto. Ka rubuta inda take, yawan lambobin, da ko akwai harafi, wani lokaci lamba biyu da ke gefe kamar 18 ko 19 girman firam ne a inci ba shekara ba, ka auna bututun sirdi ka gani ko ya dace kafin ka ce ai na shekara kaza ne. Ƙananan kamfanoni da yawa jere kawai suke bugawa, na ɗaya na biyu har dubbai, irin wannan sai an kwatanta da wasu firam ɗin da aka san shekarunsu. In kuwa kaga an gurje lambar da gangan, wurin yayi rami, ni shawarata ka bar shi, alamar kayan sata ce.

Yanzu a haɗa. A ce firam ɗinka maye bai kama ba, kilo 1.6, wuya milimita 34, baya 135, turakun kantiliba da mazaunin waya a tsakiya, ba dis, wayoyi uku ta sandar sama, abin canza giyar gaba yana da RC. Ka tsaya kenan tsakanin 1992 da 1996, 1993 tafi kusa. Sai ka nemo katalog ɗin waɗannan shekarun, masu son tsofaffin kekuna sun ɗora hotunansu da yawa a intanet, ka riƙa kwatanta abu uku, siffar kunnuwan baya, yadda aka yi maɗaurin sandar sirdi, da wurin da mazaunan waya suke, sama ne ko gefe, dama ko hagu. Kaurin sandar sirdi ma ka auna, 26.8 ne ko 27.0 ko 27.2, bambancin kaɗan ne amma yana fitar da wani kamfanin daga lissafi. In zarginka ya tsaya kan Moots ko Litespeed, suna nan har yanzu, ka tura musu imel da hotuna masu haske na lambar da kunnuwan da gidan feda da wuya da firam ɗin gaba ɗaya daga gefen sarƙa.

Tunda firam ɗin yana hannunka da tocila, ka duba tsaga kafin ka kashe kuɗin haɗa shi. Wuraren da ya fi tsagewa su ne inda ƙafafun ƙasa suka haɗu da gidan feda, ƙarƙashin mahaɗar sandar ƙasa da wuya, ƙarshen tsagin da ke saman bututun sirdi, da gefen mazaunan waya. Tsagar siririya ce kamar gashi, in kana shakka ka ɗiga tawadar maka, wato alƙalamin nan mai kaurin baki, a wurin ka goge, zata zauna a cikin layin. In ka samu, kar ka kai shi wajen mai waldar ƙofa ko mai waldar gas, titaniyom in yayi zafi iska ta taɓa shi sai ya zama kamar gilashi, waldar zata fito shuɗiya ko fari-fari kamar toka ta karye a hawan farko, sai mai injin argon da ya san aikin titaniyom kuma yake cika cikin bututun da iskar. Sandar sirdi ta alminiyom kuma tana yawan kamewa a ciki, ka jiƙa ta da man kwance noti kwana biyu uku kana murɗawa a hankali, banda wuta, in ta fito zaka mayar da wata ka shafa mata giris ɗin nan mai ruwan tagulla, haka ma tiredin gidan feda da notunan gorar ruwa.